Harafin L ɗin da ke jikin RAM shi ne maganar

Wa'alaikumussalam Malam. Ka ce kana da HP EliteBook 840 G2 mai RAM (ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin) 4GB, tana nauyi idan ka buɗe Chrome da Word tare, kuma wani abokinka zai sayar maka da RAM nau'in DDR3 mai 8GB da ya ciro daga tasa kwamfutar. Kana tambaya ko za ta yi. Kada ka biya tukuna, sai ka karanta 'yar takardar da ke manne a jikinta.

Na shafe shekaru ina gyaran kwamfuta, kuma wannan ƙirar kwamfutar taka ta sha ratsa hannuna. Gurbin RAM biyu gare ta, tana ɗaukar har 16GB, wato 8 da 8. Amma DDR3L take ci, ba DDR3 zalla ba. Bambancin a wuta yake: DDR3 tana aiki da bolt 1.5, ita kuwa DDR3L 1.35. Kwamfutocin cinya masu Intel zubi na 4 da na 5, irin taka, an gina su ne a kan mai 1.35. Abin da ke ruɗar mutane shi ne su biyun haƙoransu (ƙarafan zinaren da ke shiga gurbi) 204 ne, tsagar ma wuri ɗaya take, saboda haka DDR3 za ta shiga gurbin daram kamar don shi aka yi ta. Da DDR4 ce, mai haƙori 260, ba za ta ma shiga ba, ka ga ta raba gardama da kanta.

Ni ma abin ya taɓa cin kuɗina. Farkon shigata sana'ar na sayo wa wani malamin makaranta 8GB a wani shago, na sa, na kunna, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, fitilar Caps Lock sai kiftawa take yi. Wuni guda na yi ina zargin bod, wato babban faifan da kayan kwamfuta ke manne a kai, bawan Allah yana zaune yana jira saboda sakamakon ɗalibansa na ciki. Ashe PC3 (wato DDR3) aka ba ni maimakon PC3L (wato DDR3L). Har yau ina jin nauyin wannan ranar.

Don haka duba takardar. Idan ka ga PC3L-12800S, ita ce taka: L na nufin ƙaramar wuta, 12800 shi ne gudun 1600, S kuma ƙaramar RAM ta kwamfutar cinya, ba doguwar ta tebur ba. Idan PC3-12800S ka gani babu L, mayar wa abokinka da kayansa cikin mutunci.

Kafin nan ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance, sannan Memory. A ƙasa zai nuna maka gurbi nawa ke cike. In ɗaya ne, ƙara 8 a kan 4 ɗinka ka samu 12GB, ba laifi, ina yi wa mutane haka kullum. Ko kamfaninsu bai zo ɗaya ba, Samsung da Hynix misali, yawanci suna zama lafiya, sai dai in gudunsu ya bambanta duka su koma na mai ƙarancin. Ka kuma tabbatar Windows ɗinka mai 64-bit ce, domin mai 32 ba ta iya amfani da abin da ya haura 4GB, ko nawa ka zuba.

Wajen sawa, kashe kwamfutar gaba ɗaya, cire caja, zame marfin ƙasa, ka fara fitar da batir kafin ka taɓa komai. Riƙe RAM ɗin ta gefe, kada yatsa ya hau haƙoran zinaren, musamman lokacin hunturu da jiki ke tara lantarki. Tura ta a karkace har haƙoran su nutse, sannan ka danna ƙasa sai ƙarafan gefe sun ce ƙas.

In kasuwa za ka je, ɗauki kwamfutar ka tafi da ita a gwada a gabanka, domin yawancin DDR3L da ke yawo yanzu ta hannu ce. Da ka dawo gida rubuta mdsched a wurin bincike na Windows don buɗe manhajar gwajin RAM, ka bar ta ta gwada RAM ɗin har ƙarshe tun mai shago bai manta fuskarka ba.

Abu ɗaya kuma: faɗa mana ko har yanzu tsohon hard disk (ma'ajiyar bayanai) mai juyawa ne a ciki. In shi ne, ni da SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa, zan fara kafin RAM, don a nan rabin nauyin yake.