Amsa ga ƙanwarmu mai tambaya kan kanon da fanon

Ƙanwata, kin ce kin rubuta naki labarin a kan yarintar Naruto, jarumin nan na littafin zane-zane na Japan, masu karatu suka yi miki caa don ba ki saka inda mutanen gari ke yi masa taron dangi suna dukansa duk ranar haihuwarsa ba, kina tambaya ko kin ɓata labarin ne. Kwantar da hankalinki, ba ki ɓata komai ba.

Kanon shi ne abin da mai labari ya rubuta da hannunsa. Fanon kuwa ƙarin gishirin masoya ne, wanda aka yi ta maimaitawa har ya zauna daram kamar da shi aka zo. Dukan da ake cewa ana yi wa Naruto fanon ne. Masashi Kishimoto, mai labarin Naruto na asali, ya yi babi 700 daga 1999 zuwa 2014, kuma abin da ya nuna shi ne harara da ƙyama, iyaye na janye 'ya'yansu, ga dokar shugaban garin, Hokage na Uku, da ta hana a yi zancen dodon da aka rufe a cikin yaron. Ni kaina na daɗe ina rantsuwa cewa na ga dukan da idona. Wata rana muka yi musu da ƙanena, na kwana ina bin babin farko-farko a waya har caji ya ƙare, ban samu ba. Ashe a FanFiction.net, shafin da masoya ke zuba nasu labaran, na kwaso shi. Har yau ƙanen nawa bai daina yi mini dariya ba.

Abin ma ba yau ya fara ba. Conan Doyle ya rubuta gajerun labarai 56 da litattafai 4 na Sherlock Holmes mai binciken laifuka, amma hular nan mai baki gaba da baya da kowa ya san shi da ita, mai zane Sidney Paget ne ya ɗora masa. Shi kansa kanon ɗin yakan tashi daga inda yake: a 2014, bayan Disney ta sayi Lucasfilm, kamfanin da ya yi finafinan Star Wars, an sauke tarin litattafan Star Wars daga matsayin kanon.

Ni dai ban raina fanon ba, wani lokaci ya fi na asali daɗi, kamar tatsuniyar Gizo da kowace kaka ke ƙara wa nata. Inda nake rabuwa da mutane shi ne a mayar da shi farilla. Kuma a wurina hali ya fi tarihi nauyi. Ki kashe wanda ya rayu, ki aurar da wanda kika ga dama, zan bi ki. Amma in Naruto mai surutu da son taliyar ramen ya wayi gari miskili ba gaira ba dalili, nan nake ajiye labarin.

A Archive of Our Own, wani shafin labaran masoya, akwai tambarin da marubuta ke maƙalawa don nuna sun kauce wa asali. Ke da ba ki kauce ba, layi ɗaya ya ishe ki a saman babin: "Na bi littafin Kishimoto ne." Wanda ya sake kawo ƙorafi, ki ce ya turo miki lambar babin.