Hukuncin Ƙirƙirar Mutum da Ba Shi Hali a Wasannin Intanet

Tambaya: Malam, ina buga wasan intanet wanda kowa ke ƙirƙirar mutum, ya raɗa masa suna, ya tsara masa tarihi da hali, ya riƙa magana da bakinsa. Nawa ɗan kasuwa ne mayaudari. Wannan ƙarya ce? Ina da zunubi?

Amsa: Bismillah. Ɗan'uwa, asali a irin wannan halacci ne. Ƙarya ita ce ka ba da labarin abin da bai faru ba don a ɗauka gaskiya ne, alhali a wasan nan kowa ya san ƙage ne. Malam Hariri, wanda ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, ya gina Maƙamatunsa, wato littafinsa na ƙagaggun labarai, a kan Abu Zaidin Saruji, mutumin da ya ƙirƙira mai wayo da damfara, kuma malamai sun yi ƙarnuka suna karantar da su.

Don haka ka tsara shi da kyau: abin da yake nema, abin da yake tsoro, aibi ɗaya ko biyu, da salon maganarsa. Mutumin da ba shi da aibi ba ya rayuwa a labari, kuma shari'a ba ta ce sai waliyyi za ka ƙirƙira ba. Yaudararsa ta tsaya cikin labarin. Ranar da ka cuci abokin wasa kuɗi ko kayan da ya saya, kai ne mayaudarin.

Inda ake zamewa shi ne harshe. Wasanni da yawa suna da boka ko mai bautar wani abin bauta. Cewa "wane ya roƙi gunkinsa" hikaya ce. Amma ka rubuta roƙon da kanka, ko ka yi izgili da Allah da Manzonsa (SAW) da sunan wasa, wannan haramun ne. Aya ta 65 da 66 ta Suratut Tauba ta sauka ne a kan waɗanda suka ce raha kawai suke yi, ba a karɓi uzurinsu ba. Na fi so ka bar irin wannan matsayi gaba ɗaya.

Namiji ya ɗauki matsayin mace a wasan: idan an san namiji ne kuma labari kawai yake tafiyarwa, da sauƙi. Idan ya kai ga maƙale murya da rangwaɗa, ya kusanci tsinuwar da aka yi wa maza masu kwaikwayon mata a hadisin Ibn Abbas a Bukhari. In kuma ya sa wani ya yarda mace ce ta gaske, ha'inci ne.

Soyayya da batsa da wadda ba muharramarka ba, sunan bogi ba ya halatta su. Mutum biyu na gaske ne ke rubutun. Mai wasa da matarsa ya kiyayi lafazin saki, domin hadisin Abu Dawud da Tirmizi ya ce aure da saki da kome, wasansu ma gaske ne. Akwatin sa'a da ake saya ba a san abin da ke ciki ba caca ne. Sallah kuwa ba ta jiran a gama zagaye.

Wallahu a'alam.