Tambayoyinku a Kan Keken Saƙa: Ƙura, Zafi da Zaɓen Zare

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan a kan keken saƙa na gida suke, kuma daga 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Saudiyya suka fito. Na zaɓi biyar daga ciki na taƙaita su, domin matsalolin da ke cikinsu su ne sauran masu rubutowa ma suka fi kuka da su.

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta bar mini keken saƙa ƙirar Brother wanda ya daɗe a ɗakin ajiya da ke saman gidanmu. Na sauko da shi domin in riƙa saƙa kayan jarirai, amma da na tura kan keken, wato abin nan da ake turawa ya bi ta saman allurai, sai ya cije a tsakiya, idanun saƙar kuma su yi ta zubewa. Maƙwabciyata ta ce ya gama aiki, in ba masu gwangwan. Ko akwai dabara? Daga wata mai karatu a Misfala, Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya gafarta wa mahaifiyarki, Ya sa ta huta. Kada ki ba kowa wannan keke, domin kamfanin Brother na ƙasar Japan ya daina ƙera kekunan saƙa tun a ƙarshen shekarun 1990, kuma waɗanda suka rage a hannun mutane ƙarfe ne mai inganci da ke daɗewa idan an kula da shi. Abin da kika bayyana ya fi kama da mutuwar sandar soso. Wannan wata doguwar sanda ce siririya da ke shiga ta gefen gadon allurai, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a jikinta kuma akwai soso wanda aikinsa shi ne danne allurai su kwanta daidai a cikin ramukansu. Idan soson ya lotse, allurai sai su ɗago kai, kan keken ya yi karo da su, zare kuma ya kasa shiga ƙugiyoyinsu. Ko a ƙasa mai sanyi soson yana lalacewa da tsufa, balle a ɗakin saman bene a Makka, inda zafin bazara kan haura digiri 40.

Ki sami wani abu mai faɗin baki ki tura sandar daga gefe ɗaya har ta leƙo ta ɗaya gefen, sannan ki zaro ta. Idan kin tarar soson ya kwanta daidai da bakin ƙarfen, ko ya zama gari, ko yana danƙo, to kin gano ciwon. Ana samun sabuwar sanda a wurin masu sayar da kayan keke ta intanet, sai dai ki tabbatar kin faɗi lambar kekenki, domin tsawo da faɗin sandar sun bambanta daga wannan ƙira zuwa waccan. Idan ba ta samu ba, ki kankare tsohon soson tas, ki manna soson da ake liƙa wa bakin ƙofa domin tare iska, ki rufe samansa da siririn ƙyalle mai santsi don kada allurai su yage shi. Wajen mayarwa, soson ne ke kallon ƙasa, kuma dole ki riƙa danne allurai da yatsa kina tura sandar a hankali domin ta bi ta samansu.

Tun da sandar tana waje, wannan ne lokacin da ya fi dacewa ki wanke allurai, kuma ina roƙonki kada ki yi ƙyuya a nan, domin keken da ya yi shekaru a ajiye tsohon mai da ƙura sun riga sun daskare a jikinsa. Ki turo allura gaba har ƙarshe, ki rufe ɗan harshenta, ki danna ƙugiyar ƙasa har wutsiyar ta ɗago, sai ki zare ta ta baya. Ki zuba su a kwalba da sifirit da 'yan ɗigon man keken ɗinki, ki girgiza, ki goge kowace da tsumma marar gashi. Ki gwada harshen kowace allura da yatsa: wadda harshenta ba ya buɗewa da rufewa da kansa, ko ƙugiyarta ta karkace, ita ce ke zubar da ido a wuri guda kullum. Irin waɗannan ki mayar da su can gefen gado inda ba a cika aiki da su ba, ki kawo na gefen su koma tsakiya. Daga nan ki share ramukan da buroshi, ki shafa mai kaɗan a kan dogon da kan keke ke bi, da gindin allurai, da ƙarafan da ke motsi a ƙarƙashin kan keken. Man gyaɗa ko na zaitun ba su da wuri a nan, domin suna yin danƙo su kama ƙura. Abu na ƙarshe, duk ranar da kan keken ya cije, kada ki sa ƙarfi, ki kwance shi ki ɗage shi daga kan allurai, ki warware layin da ya lalace, sannan ki ci gaba.

Tambaya: Anti, ina saƙa wa yaran makaranta rigunan sanyi ina sayarwa, domin garinmu akwai sanyi. Matsalata ita ce ina bin adadin allurai da wata ta koya mini, amma wata rigar ta fito daidai, wata kuma ta yi wa yaro yawa bayan wanki. Daga wata mai karatu a Ɗa'ifa.

Amsa: Ƙanwata, Allah Ya sa albarka a sana'arki, kuma lallai wanda ke zaune a kan tsaunukan Ɗa'ifa ya fi mutumin Jidda sanin amfanin rigar sanyi. Adadin alluran da aka koya miki daidai ne ga zaren da mai koyarwar ta yi aiki da shi, da lambar matsin saƙa da ta sa kekenta a kai, amma ba zai yi daidai da kowane zare ba. Hatta zare iri ɗaya daga kamfani ɗaya, baƙi da fari kan bambanta kaɗan saboda rini. Maganin wannan shi ne ƙyallen gwaji, wanda na san masu saƙa da yawa suna ganinsa ɓarnar zare da lokaci, alhali zaren da yake ci bai kai na hannun riga ɗaya ba.

Ki ɗora saƙa a kan allurai 60 ki yi layi 60 da zaren da za ki yi rigar, a kan lambar da kike son amfani da ita. Ki cire ƙyallen, ki ja shi ta tsawo domin idanun su zauna, ki bar shi ya kwana, saboda saƙar da ta sauka daga keke a miƙe take sakamakon nauyin da aka rataya mata. Washegari ki wanke shi yadda uwar yaro za ta wanke rigar, ki shanya shi a kwance, sannan ki auna tsakiyarsa ki ƙirga ido nawa da layi nawa ke cikin santimita 10. A ce kin sami ido 28 da layi 40. Idan faɗin gaban rigar santimita 38 ne, kina bukatar ido 106, ki ƙara 2 na ɗinki su zama 108, tsawon santimita 45 kuma zai ci layi 180. Da a ce kin ɗauka ido 30 ne a santimita 10 kika ɗora allurai 114, da rigar ta ƙaru da fiye da santimita 5 idan aka haɗa gaba da baya, wanda shi ne yawan da iyayen yara ke dawo miki da shi. Ki tanadi littafi ki riƙa rubuta sunan zare da lamba da sakamakon awo, domin idan zaren ya sake zuwa hannunki ba sai kin maimaita aikin ba.

Tambaya: Hajiya, idan ina saƙa da zaren roba a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, kan keken yana yin nauyi, zare yana manne wa ƙarfe, wani lokaci har in ji ɗan tartsatsi a yatsa. Sannan gefen saƙar yana fitar da madaukai. Daga wata mai karatu a Riyad.

Amsa: 'Yar'uwa, matsaloli biyu ne kika haɗa. Ta farko daga bushewar iska take, domin Riyad ba ta da laima tun asali, na'urar kuma tana ƙara tsotse ɗan abin da ya rage, sai zaren akirilik ya tara irin wutar nan da kan sa mayafi ya manne wa jiki. Ki ajiye kwanon ruwa kusa da keke, ki goge gadon allurai da tsumma mai ɗan mai kafin ki fara, kuma ki sa zaren ya riƙa gogar guntun kyandir fari a hanyarsa ta zuwa kan keke, domin kakin yana sa shi santsi. Madaukan gefe kuwa daga sakin zare suke fitowa. Ki duba wayar nan mai lanƙwasa da ke saman sandar zare: idan tana miƙewa tsaye ba ta jan rarar zare, ki ƙara matse faifan da zaren ke bi ta tsakaninsa. Kada kuma ki riƙa kai kan keken can nesa da allura ta ƙarshe, da zarar ya wuce ta kin ji ƙarar da ke nuna layi ya cika, ki juyo. Ki riƙa matsar da ƙananan ƙarafan nauyi sama a gefe biyu bayan kowane layi 20 ko makamancin haka.

Tambaya: Malama, ina so in saya wa uwargidana keken saƙa domin ta sami abin yi a gida. Wanne ya dace? Daga wani magidanci a Jidda.

Amsa: Alhaji, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara danƙon zumunci. Kafin ka biya kuɗi ka tambaye ta abin da take son saƙawa, domin kowane keke da kaurin zaren da yake ɗauka, kuma tazarar da ke tsakanin allurai ce ke bambanta su. Wanda aka fi sani yana da allurai 200 da tazarar milimita 4.5, kuma shi ne na siririn zare, wanda ke ba da huluna da kayan jarirai da riguna marasa nauyi. Mai tazarar milimita 9 na zare mai kauri ne, irin na bargo da manyan rigunan sanyi, waɗanda a ganina kasuwarsu ta fi ƙarfi a Tabuka ko Abha fiye da bakin Bahar Maliya. Akwai kuma na tsakiya, kamar LK150 na Silver Reed, mai allurai 150 da tazarar milimita 6.5, wanda gadonsa na roba ne, ba shi da nauyi kuma yana da sauƙin koyo. Ga mazauna Jidda ni na fi karkata ga mai allurai 200 da ke aiki da kati mai huji, wanda ke maimaita zane a kan ido 24 kuma ba ya bukatar lantarki, domin da shi za ta iya saƙa siririn zaren auduga da ake iya sawa a zafi. Ta dai sani cewa auduga ba ta da miƙewa irin ta ulu, saboda haka tana son a sassauta lamba, a ƙara nauyi, a kuma tura kan keke a natse. Idan na hannu za ka saya, ka duba allurai da kyau saboda tsatsa, domin laimar teku ba ta barin ƙarfe, kuma idan ya zo gida a riƙa rufe shi bayan aiki, a ajiye shi nesa da taga.

Tambaya: Hajiya, me ya sa mayafin jaririn da na saƙa yake nannaɗewa ta gefe? Daga wata mai karatu a Madina.

Amsa: 'Yata, ba kuskurenki ba ne, haka saƙar keke mai gadon allurai ɗaya take, saboda idanun fuska da na baya ba su ja daidai ba, shi ya sa gefuna ke naɗewa baya, sama da ƙasa kuma su naɗo gaba. Ki yi wa sama da ƙasa kalmasa tun a kan keke, wato ki saƙa layi 20 ki ɗauko idanun layin farko ki rataya su a kan allurai ki haɗe, gefuna biyu kuma ki bi su da kwarashi layi biyu ko uku. Bayan haka ki shimfiɗa mayafin ki kafe shi da fil a kan awonsa, ki ba shi tururi daga nesa. Idan zaren roba ne kada dutsen guga ya taɓa shi ko kaɗan, domin zafi yana kashe laushinsa, kuma idan ya mutu wanki ba ya dawo da shi.