Yaya, motar nan ba akwala ba ce

Salam Yaya, ya gida ya iyali, ya jikin Hajiya, Allah ƙara sauƙi. Na ji saƙonka na murya tun jiya kan hotona da ka gani a cikin tsohuwar motar nan, wallahi dariya na dinga yi a wajen aiki har abokin aikina ya leƙo yana tambaya lafiya, wai bayan shekara ashirin da biyu a Amurka ƙarshenta akwala mara rufi na saya, ko kuɗi ne suka ƙare ko rufin ɓarayi suka cire. To bari in warware maka, na farko dai motar ba tawa ba ce, ta wani dattijonmu ce a nan, ɗan Zinder ne, ya yi shekaru yana aikin injiniya a kamfanin mota har ya yi ritaya, mu dai Baba muke ce masa. Na biyu kuma waccan da ka kira akwala, in mai lafiya ce kamar tasa, kuɗinta zai sai maka sabuwar Camry dal a leda, wata ma har da canji.

Sunanta Ford Thunderbird, ƙirar 1957. Sunan daga tatsuniyar ƴan asalin ƙasar nan ne, wani ƙaton tsuntsu da suke cewa shi ke kawo tsawa. Kuma a nan maƙwabtanmu aka haɗa ta, a Dearborn, kusa da Detroit a jihar Michigan, garin da hedikwatar Ford take, inda muke zuwa sayen naman halal wajen Larabawa, tafiyar minti ashirin daga gidana in ba cunkoso.

Yadda Baba ya ba ni labari, kuma na je gidan tarihin Henry Ford na gani da idona, bayan yaƙin duniya na biyu sojojin Amurka da suka zauna a Turai sun dawo da sha'awar ƙananan motocin Ingila masu kujera biyu da buɗaɗɗen sama, irin su MG da Jaguar. Sai Chevrolet ta riga Ford ta fito da Corvette a 1953, guda 300 kacal ta yi a shekarar, injin silinda shida, jikin ba ƙarfe ba, ko gilashin taga na murɗawa babu. Ford ta ga haka ta ce a'a, ta nuna tata a bajekolin motoci na Detroit a Fabrairun 1954, aka fara sayarwa a Oktoba a matsayin ƙirar 1955, jikin ƙarfe, injin silinda takwas, gilashi yana hawa yana sauka kamar na mutanen kirki. Shekarar farko ta yi guda 16,155, ita kuwa Corvette a wannan shekarar 700 aka yi, ka ga ai ba a ma fara wasan ba aka tashi. Farashinta a lokacin bai kai dala 3,000 ba, galan ɗin fetur kuma wajen santi 30, ga shi a 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan titunan da suka haɗa jihohi, kowa na da aiki a kamfani, kowa na so ya hau titi iska na kaɗa shi a gan shi.

Rufin da ka ce an sace yana nan a garejin Baba a rataye da igiya. Rufi biyu gare ta, akwai na yadi da ake naɗewa bayan kujera, akwai kuma mai tauri da mutum biyu ke ɗagawa su cire gaba ɗaya, shi ne mai ƴar zagayayyar tagar nan a gefe kamar ta jirgin ruwa, an ƙara ta ne a 1956 saboda direbobi na kukan ba sa ganin wanda ke tahowa ta gefen baya. Shekara uku kawai aka yi mai kujera biyun, daga 1958 wani babba a kamfanin, Robert McNamara, wanda daga baya ya zama sakataren tsaron Amurka, ya ce mota ba wajen sa yara ai ba ciniki, aka mai da ita kujera huɗu, kuma gaskiyarsa ce don ciniki ya kusa ninkawa, amma har yau masu harkar na shekaru ukun farkon nan suke bi. Duka-duka ɗan sama da 53,000 aka yi, wasu sun yi haɗari wasu tsatsa ta cinye, saura kaɗan, shi ya sa kuɗi.

Yanzu tambayarka ta gaske, me ya kai Bahaushe wannan harka, ba almubazzaranci ba ne? Ni ma haka na ce da na zo. Amma Yaya ka tuna dokin marigayi Kawu, shekara guda ana ba shi dawa da harawa da kanwa, ana wanke shi ana yi masa turaren sauro, yaro guda aikinsa kenan, sau nawa ake hawansa? hawan sallah, hawan daushe, sai ko angwanci. Wa ya taɓa cewa Kawu almubazzari ne? To wallahi mutanen Michigan haka suka ɗauki motocin nan, ba wanda ke zuwa aiki da ita. Daga Nuwamba in dusar ƙanƙara ta fara ana watsa gishiri a titi don ya narke, gishirin nan kuwa shi ne ajalin ƙarfen mota, kuma abin mamaki ƙarƙashin Detroit ɗin kanta akwai mahaƙar gishiri, to sai a kulle ta a gareji a lulluɓe a cire batir, ba za ta sake ganin rana ba sai Afrilu ko Mayu. Har lamba ta daban jiha ke ba irin waɗannan tsofaffin.

Ranar hawansu kuma Asabar ta uku a watan Agusta, Woodward Dream Cruise, tun 1995 ake yi, titin Woodward tun daga Ferndale har Pontiac, dubban tsofaffin motoci suna tafiya a hankali kamar jerin dawaki, mutane sun jera kujeru a bakin titi da kulolin ruwan sanyi tun asuba, wani ya taka totur injin ya yi gurnani a yi ta ihu, ka rantse jahi ake a ƙofar kudu. A nan aka ɗau hoton da ka gani. Tsoho ɗan shekara tamanin zai tsai da kai ya ce irin wannan babansa ya saya, a cikinta ya fara zance da matarsa, har ka ga idonsa ya kawo ruwa, Bature fa.

Mu kuma mun ɗauki abin mun juya shi irin namu. Ba mu da yawa a nan, ƴan Najeriya da ƴan Nijar da ƴan zangon Ghana duk tukunya ɗaya muke ci, ba doki ba algaita, yaranmu an haife su nan ba su san hawan sallah ba sai a waya. To in sallah ta faɗo lokacin zafi, bayan an sauko idi Baba zai fito da ita ya dinga zagaya da yara ɗaya bayan ɗaya tunda kujera biyu ce, layi suke yi da sababbin kaya. In biki ne kuma ita ke ɗaukar ango, amarya dai mata sun hana, sun ce ba za a kai ƴarsu a buɗe iska na yaye mata mayafi ba, kuma kowa ya yarda da su. Ba ya karɓar ko sisi, sai dai ka zuba mai, kuma ba ya ba kowa tuƙi, ni shekara tara ina roƙo.

Kar ka ce na zuga ta da yawa, tana da halinta. Shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya, tasa ba esi, in cunkoso ya riƙe ku injin ya ɗau zafi ƙafarka kamar a bakin murhu, burkinta sai ka fara taka shi tun daga nesa kana salati. Bara na saka kaftani da zanna bukar ɗin da ka aiko min, muna hawa babban titi iska ta fizge hular, ina ji ina gani wata babbar mota ta bi ta kai, ban gaya maka ba ne don kunya. Irin wannan da zuwan esi da dokokin kare haɗari su suka kashe kasuwar buɗaɗɗun motoci, har Cadillac ta tallata Eldorado ta 1976 a matsayin ta ƙarshe, sai a 1982 Chrysler ta dawo da su. Ni kam ko ina da kuɗin ba zan saya ba, gara in ƙarasa ginin Rijiyar Zaki, amma in Baba ya kira ranar Asabar a zo a wanke ta ni ne na farko da bokiti.

Abin da ya tsaya min a rai, rannan ina goge mata fitila Baba ya tambaye ni wace mota mahaifinmu ya hau, na ce Fijo 504 haɗin Kaduna, fara, ya ce tana ina yanzu, na yi shiru. Yaya don Allah tana ina? Na san an bar ta a bayan gidan Gwaggo kaji na ƙwai a ciki, in dai ƴan jari bola ba su riga mu ba ka sa Sani ya ɗauko min hotonta gaba da baya da cikin injin, kuma kar a sayar wa kowa sai mun yi magana. A gai da Hajiya, a ce mata maganin yana hanya.