Shin Har Da Hausawa Aka Kai Bauta Ƙetaren Teku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, a makaranta an koya mana cewa Turawa sun kwashi bayi daga Afirka zuwa nahiyar Amurka, amma ni a zatona mutanen bakin teku kaɗai abin ya shafa. Shin har da Hausawa a ciki, kuma in da su, ina aka kai su?
Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikis salam, 'yata. Har da Hausawa a ciki, kuma abin takaici ne yadda littattafan makarantunmu suke tsallake wannan babi. Masana sun ƙiyasta cewa daga ƙarni na 16 zuwa na 19 an loda mutum wajen miliyan 12.5 a jiragen ruwa, waɗanda suka sauka da rai kuwa ba su wuce miliyan 10.7 ba. Ƙasar da ta fi kowace karɓar bayi ita ce Brazil, wadda ta sauke kusan miliyan 5.

Hausawa ba su da yawa cikin wannan adadi, domin bayin ƙasar nan tun da can ta Sahara ake bi da su zuwa Tarabulus da Masar. Abin ya sauya ne a ƙarshen ƙarni na 18, ya kuma tsananta bayan da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ɓarke a 1804, lokacin da yaƙi ya samar da kamammu daga kowane ɓangare, na masu jihadi da na sarakunan Haɓe. Fatake kan kora su kudu ta Nupe da Oyo, ana sayar da mutum daga hannu zuwa hannu, har a dire shi a Ikko ko Badagiri ko Porto-Novo ko Wida (na biyun ƙarshe suna ƙasar Benin ta yanzu). A can dillalan Fotugal da na Brazil suke biya da taba wadda aka jiƙa da ruwan rake, da barasa, da bindigogi, sannan a ɗana wa mutum ƙarfe mai zafi a ƙirji ko kafaɗa don a san mai shi. Dole mu faɗi gaskiya komai ɗacinta: Bature ne ya kawo jirgi ya buɗe kasuwa, amma ba shi ya shigo Kano ko Zazzau ya kama su ba.

Mafi yawansu yankin Bahiya na ƙasar Brazil aka kai su, zuwa birnin Salbado da gonakin rake da ke kewaye da shi, kuma tarihi ya shaida cewa ba su miƙa wuya ba. A watan Mayun 1807 hukuma ta bankaɗo wani shirin bore da Hausawa suka ƙulla, aka kama shugabanninsa tun kafin a fara. Sun sake tashi a 1809, sannan a Fabrairun 1814 suka ƙone wuraren kamun kifi a gaɓar Itapuwa, kusa da Salbado.

Bore mafi shahara shi ne na daren 24 zuwa wayewar 25 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na watan azumi. Musulmi bayi da 'yantattu wajen 600 suka fito titunan Salbado sanye da fararen riguna, da layu a wuya, da takubba a hannu, suka yi arangama da sojoji masu bindiga da dawaki. Yarabawa ne suka fi yawa a wannan karon, amma akwai Hausawa, cikinsu har da wani dattijo 'yantacce mai suna Dandara, wanda yake sayar da taba a shagonsa yana kuma koyar da karatu a ciki. An kashe wa masu boren mutum wajen 70. Da 'yan sanda suka bi gidaje, sai suka tarar da alluna da tasbaha da takardun da aka rubuta ayoyin Alƙur'ani, kuma da yake babu mai iya karanta su a cikin jami'an, wani bawa Bahaushe mai suna Albino aka kira ya fassara. An harbe mutum huɗu, an yanke wa wasu bulala ɗaruruwa, wasu da yawa kuma aka koro su Afirka, inda suka shiga cikin al'ummar waɗanda suka komo daga Brazil, wadda ake kira Aguda, a Ikko da Wida.

Ingila ta haramta fataucin tun 1807, amma 'yan sumoga sun ci gaba da sauke mutane a Bahiya. A ƙarshen shekarun 1840 ƙaramin jakadan Faransa a can, Francis de Castelnau, ya zauna da Hausawa bayi, suka ba shi labarin garuruwansu irin su Kano da Katsina da Zariya, da hanyoyin da aka biyo da su. Brazil ba ta rufe shigo da bayi ba sai a 1850, bautar kanta kuwa sai a 1888 aka soke ta.