Amsa: Me ya kawo bawon halittun teku Ashaka?

Malam, ka tambayi yadda aka yi ake tono burbushin halittun teku a dutsen Ashaka da ke jihar Gombe, alhali teku tana can Legas. Ba ambaliya ce ta kwaso su ba, tekun ce da kanta ta taɓa kwanciya a nan.

Sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, Afirka da Kudancin Amurka suka fara rabuwa. Wannan jan ya tsaga kwarin Binuwai, reshensa na Gongola ya biyo ta Gombe. Zamanin kuwa duniya ta ɗau zafi, aman duwatsu ya cika iska da kabon, ƙanƙara ta yi ƙaranci, sai ruwa ya hau ya malale kwarin, har ya ratsa Sahara. Wajen shekara miliyan 90 da suka wuce ke nan.

Halittun ma ba zaman banza suka yi ba. Da kabon ɗin suka gina bawo, suka mutu suka taru, suka zama dutsen da ake yin siminti da shi. Abin da ke ba ni mamaki, in an ƙona dutsen, kabon ɗin cikin iska yake komawa.

Da ruwan ya janye, fadamu suka maye gurbinsa. Tsiransu ne kwal ɗin Maiganga a ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe.