Haƙorin da babu shi tun a ciki

Tambaya: Likita, ɗana yana da shekara tara, ya yi famfara, amma haƙora biyu na gefen na gaba a sama ba su fito ba. An ɗauki hoton bakinsa, aka ce babu su sam a cikin dasashi. Surukata ta ce don ban sha madara ba ne lokacin cikinsa. Shin haka ne? Wata uwa daga Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wannan ba laifinki ba ne. Madara da sauran abinci masu gina ƙashi suna taimakawa wajen taurin haƙori, amma samuwarsa ko rashinta al'amari ne da ake yankewa tun kafin a kai ga batun tauri.

Tun ciki yana da kimanin mako 6, fatar da ke shimfiɗe a bakin ɗan tayi takan yi kauri a inda haƙora za su jeru. A ƙarƙashinta akwai wani rukunin ƙwayoyin jiki da suka yi ƙaura daga kusa da inda ƙwaƙwalwa ke samuwa, kuma babu ɗaya daga cikin rukunonin nan biyu da zai iya yin haƙori shi kaɗai. Sai na sama ya aika da saƙon sinadarai, irin su FGF8 da BMP4, na ƙasa ya karɓa ya kunna ƙwayoyin gado kamar PAX9 da MSX1, sannan ya mayar da amsa. Da wannan kai-komo ne fatar ke nitsawa ciki ta zama ɗan tsiro wajen mako na 8, daga nan ta ɗauki siffar hula, sannan ta ƙararrawa.

A matakin hula wani ɗan dunƙule na ƙwayoyi yakan bayyana a tsakiya, ya daina rarrabuwa, ya koma umartar maƙwabtansa da su ninku nan, su lanƙwashe can, kuma da ya gama aikinsa sai ya mutu. A turame, wato haƙoran tauna, wasu ƙananan dunƙulen kan biyo baya, kowanne a inda tsini zai fito, shi ya sa turmi ke da tuddai, fiƙa kuwa tsini ɗaya. Binciken da masaniyar samuwar haƙora Irma Thesleff da abokan aikinta suka yi a kan ɓeraye a Helsinki ta ƙasar Finlan ya haskaka wannan mataki sosai.

Haƙoran girma na gaba suna fara tsirowa a bayan na nono wajen wata na 5 na ciki. Idan saƙon ya yi rauni a lokacin, galibi saboda gado, tsiron yakan tsaya cak, kuma irin haƙoran da ɗanki ya rasa suna cikin waɗanda aka fi rasawa. Da za ki duba bakin danginku da na mahaifinsa, ba mamaki ki tarar da mai irin wannan giɓi da ake ɗauka wushirya ce.

Abu ɗaya nake so ki lura da shi: idan gashinsa tsilli-tsilli ne kuma ba ya gumi ko a zafin watan Afrilu, ki sanar da likita, domin hanyar saƙon da ke yin haƙori ita ce ke yin gashi da kafofin gumi. In babu wannan, likitan haƙori zai iya matso da haƙoran su rufe giɓin, ko ya tsare gurbin har muƙamuƙinsa ya gama girma a dasa masa wasu.